Kafin Ka Sayi Ƙaramar Tarakta Ta Hannu, Zagaya Bayanta



Masu sayen ƙaramar tarakta ta hannu gabanta suke dubawa: fenti, taya, ƙarar inji. Ni a ganina bayanta ya kamata a fara zagayawa, wurin da ake ɗaura garma.

Da yawa cikin ƙananan nan don yankan ciyawar gidaje aka ƙera su a Amurka da Turai. Wasu ba su da hannaye ukun nan na baya, wasu kuma nasu aji 0 ne, kaurin ƙusarsu milimita 16. Garmar da ake ɗaura wa Massey Ferguson 375 kuwa aji 2 ce, ƙusoshinta na ƙasa milimita 28. Ina za su haɗu? Dillali zai ce mai walda zai gyara. To, zai liƙa ƙarfe, amma ba zai ƙara wa famfon haidirolik ƙarfi ba. Giyar da aka yi don ciyawa kuma, in ta ja garma a busasshiyar ƙasa, zafi take yi ta lalace. Kuɗin damina sun tafi ke nan.

Ka je da sassafe ka taɓa injin. In da ɗumi, an riga ka tayar da shi. Shuɗin hayaki alama ce yana shan baƙin mai. Sai a ɗaga hannayen da kaya, a kashe inji, a jira minti goma. In sun sauko, akwai yoyo a ciki. Kada ka biya sai ka tambayo ko akwai kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa.