RA'AYINMU: Kwanon Sallah Ya Bi Lokacin Shekara

Duk sa'ad da Sallah ta ƙarato, sai ka ga ƙaramin ma'aikaci a Gusau ya shiga neman rance, domin ya sayi shinkafa 'yar waje, da lemon kwalba, da kwalin biskit ɗin da zai kai gidan surukai. Ɗalibi ma idan ya dawo hutu kunya yake ji ya miƙa tsarabar da ba daga kanti ta fito ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, amma wannan ɗabi'a tana nan daram. Mu a wannan mujalla muna ganin lokaci ya yi da 'yan boko za su sake tunani.

Abin da muka manta shi ne Sallah ba ta zama wuri ɗaya. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, saboda haka cikin kimanin shekara 33 Sallah takan zagaya damina da kaka da hunturu da bazara. Kakanninmu mata sun san haka, sai su dafa abin da lokacin ya kawo. In ta faɗo da damina, ga zogale da rama da tafasa a yi kwaɗo da ƙuliƙuli, ga ɗanyar kuɓewa da yakuwa. In da kaka ne, ga sabon wake da gujiya da kabewar taushe. In kuwa da rani ne, kamar ƙaramar Sallar 2025 da ta zo ƙarshen Maris, sai a koma ga abin da aka shanya aka adana, watau kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir, a jiƙa tsamiya ko soɓorodo a sha, a gasa hocen dawa irin namu na Zamfara.

Kada wani ya ce wannan cimar talauci ce. Masana abinci sun tabbatar cewa hatsi da wake idan sun haɗu suna cike wa juna wajen gina jiki, kuma daddawar kalwa tana ɗauke da abin gina jiki, alhali dunƙulen ɗanɗano na kanti yawancinsa gishiri ne. Ba kuma cewa muke yi a bar nama ba. Layya ibada ce, kuma mai hali ya yanka. Amma tukunyar da ganye da wake suka cika ba ta jefa mai gida cikin bashi.

Haka nan zancen kyauta. A al'adarmu akan aika da alkaki, ko nakiya, ko dakuwa, ko kantun riɗi, ko yajin ƙuli, a cikin ƙwarya ko kwano, a rufe da faifai. Yaro ya kai, a ba shi tukwici, kwano ya dawo gida, sau da yawa ma da wani abu a ciki. Dubi gyaɗa kaɗai: a matse mai, tunkuza ta zama ƙuliƙuli, harawa ta tafi ga dabbobi, ɓawo ya shiga murhu. Ina sharar take? Yau kuwa, kashegarin Sallah leda ce ke cika kwatoci, akuya ta haɗiye ta rame, ruwan farko ya zo ya rasa hanyar wucewa. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu da muka gāji ƙwarya da adudu, ashe sai an kafa mana doka?

Akwai kuma wanda ya fi wannan nauyi. Gyaɗa da auduga ne suka ɗaga Gusau bayan zuwan jirgin ƙasa. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya wannan ciniki, kuɗin man fetur kuma ya kau da hankalin ƙasa daga gona. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun raba manoma da yawa na ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu da gonakinsu. Wanda ya sayar da rai ya noma ɗan abin da ya samu, ya kawo kasuwa, sa'an nan mu da muke ɗibar albashi mu wuce shi mu nufi kanti, wannan ba adalci ba ne. Kowane mudun wake ko riɗi da aka auna a hannunsa, kuɗi ne da ya tsaya a gida.

Gaskiya ne aikin alkaki da daddawa akwai wahala, kuma bisa mata yake faɗawa. Maganin wannan shi ne samari su sa hannu wajen sayayya da kai niƙa, wanda kuma ba shi da sukuni ya saya a hannun matan unguwa masu wannan sana'a, ya biya su da daraja ba tare da ƙwaron ciniki ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, maza da mata, kowa ya zauna gaban gyatumarsa a wannan hutu ya koyi girki ɗaya da kyauta ɗaya, ya rubuta yadda ake yi, ya aiko mana mu buga. Ma'aikata kuma su yi awon gyaɗa da wake da riɗi tun da kaka, lokacin da suke araha, gama da safe ake kama fara. Wanda ya kai kwano ya dawo da kwanonsa, a bar leda a kanti.

Allah ya maimaita mana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.