Tsohuwar Peugeot 504: ɗaga bayanta ba gyara ba ne

Duk wanda ya leƙa tashar mota ranar kasuwa, a Maraɗi ko Tasawa ko Ƙonni, zai iya cin karo da tsohuwar Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, bayanta a ɗage sama kamar raƙumi zai miƙe. Mai motar yana alfahari cewa ya ƙarfafa ta, yanzu ko buhu nawa aka ɗora mata ba za ta zauna ba. Fasinjojin da ke biyan kuɗi suna shiga ba su san cewa wannan ƙarfafawar ta rage wa motar abin da ya sa aka so ta tun farko ba, wato riƙe hanya.

An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. A 1975 ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka a hannun Ove Andersson, gasar da ake yi a kan hanyoyin ƙasa masu ramuka da laka. Masana'antar Kaduna ta ci gaba da haɗa ta shekaru masu yawa bayan Turai ta daina. Injinta ba wani abin mamaki ba ne. Sirrinta yana ƙasa: sifirin masu laushi da doguwar tafiya, waɗanda ke barin taya ta nutse cikin rami ta fito ba tare da ta rabu da ƙasa ba. Doguwar nan ta iyali mai layi uku na kujeru, wadda aka fi yin haya da ita, sifirin huɗu masu murɗi gare ta a baya, biyu kowane gefe. Ita kuwa bashe, ta ɗaukar kaya, faifayen ƙarfe aka sa mata. Masu ƙera ta sun auna kowane iri da aikinsa.

Yau abin da ake kira gyara a garaji da yawa shi ne rusa wannan awo. Sifirin ya gaji, sai a yanka tsohuwar taya a cusa tsakanin murɗinsa. Ko a ɗauko na wata babbar mota a tura da ƙarfi. Ko a yi wa kujerar sifirin walda a ƙara mata tsawo. Motar tana tsaye a tasha tana da kwarjini, ba musu. Matsalar tana fitowa ne a kwana.

Idan baya ya fi gaba tauri sosai, tayoyin baya ne ke fara sakin hanya. Direba ya kauce wa jaki ko babur da gudu, sai gindin motar ya wulla gefe, kuma ba kowane direba ne zai iya maido da ita ba. Ɗaga motar kuma yana ɗaga nauyinta sama, sannan a ƙara buhunan gero da awaki a rufi, abin da ke sa ta kife a inda a da tangaɗi kawai za ta yi. Kayan da aka jibga a bayan tayoyin baya suna rage wa tayoyin gaba nauyi, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, birkin gaba ya rasa abin kamawa. Sifiri mai tauri yana ɓoye lodin da ya wuce kima daga idon jandarma, amma bai ƙara wa taya ko birki ko gatari ƙarfin ɗaukarsa ba. A da, zaman bayan motar shi ne gargaɗin cewa kaya sun isa. An toshe bakin mai gargaɗin.

Akwai kuma ruɗani tsakanin abubuwa biyu da ake ɗauka ɗaya ne. Sifiri, wanda makanikai a nan suka fi kira resor, shi ke ɗaukar nauyi. Amortisar, wadda a Najeriya ake ce wa shokozoba, ba ta ɗaukar komai, aikinta ta kashe tsallen da sifiri ke yi. Motar da amortisar ɗinta ta mutu, a kan hanya mai gargada tayarta tana yin rabin tafiyar a iska, kuma tayar da ke iska ba ta birki ba ta kwana. Mai mota ya ji tana rawa, ya je ya ƙara taurin sifiri, rawar ta ƙaru.

Direbobi suna da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce. Kuɗin mai ya yi tsada, kujeru bakwai ba sa biyan tafiya, kayan gyara na asali sun yi wuya, na jabu sun cika kasuwa, ga hanyoyin karkara da ke cin ƙarfe kamar gara. Wanda ke neman na cefane ba zai tsaya sauraron darasin injiniya ba. Sai dai lissafin nasu ma bai fita. Duk bugun da sifiri mai tauri ya ƙi shanyewa, jikin motar ne ke shan sa, shi ya sa ake ganin tsagewa a inda amortisar ke ɗaure da kuma kusurwoyin ƙofofi. Tayoyi suna cinyewa gefe ɗaya. Kuɗin da aka tsere wa biya a kan robobi ana biyan sa ga mai walda da mai taya, sau biyu ko uku.

Gyaran da ke sa tsohuwar mota ta riƙe hanya ba shi da ban sha'awa, domin ba a ganin sa daga waje. Ana farawa da duba ƙarfen ƙasa, ko tsatsa ta ci shi, tunda sabon kaya a kan ruɓaɓɓen ƙarfe asara ne. Daga nan sai robobin da ke tsakanin ƙarafa, waɗanda zafin rana ya busar suka farfashe, da rotil na ƙafafun gaba da na sitiyari. Amortisar ana canja ta biyu-biyu, hagu da dama tare. Sifirin da ya gaji a musanya shi da irinsa mai tsawo ɗaya, idan kuma za a ƙara tauri don aikin lodi, a ƙara kaɗan, gaba da baya su tafi tare. Bayan an gama duka a kai ta a daidaita tayoyin gaba. Taya kuwa tana ɗauke da shekarunta a jikinta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Taya mai zane mai kyau da ta daɗe a ajiye tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi tsakanin Dogon Dutsi da Dosso kamar kowace tsohuwa.

Matasan birni da suka fara sayen tsofaffin 504 da Mercedes don ƙawa suna yin kuskuren ta ɗaya gefen. Sun ga hotunan Amurka da Turai inda ake sauke tsofaffin manyan motoci ƙasa-ƙasa a sa musu manyan ƙafafu da siririyar taya. Can hanya shimfiɗe take kamar tabarma. A titunan yashi na Damagaram, ko a Yamai lokacin damina, motar da aka sauke tana barin tukunyar manta a kan dutsen farko, siririyar taya kuma ba ta da naman da zai kare ƙafa daga bakin rami.

Hukumomin da ke duba lafiyar motoci su ne ya kamata su fara sauya hali. Takardar dubawa ba ta da amfani idan ba wanda ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar. Guntun taya a cikin sifiri, ko waldar da aka ƙara wa kujerarsa, ko amortisar mai zubar da mai, yaron makanike ma yana gane su cikin minti biyu da tocila. Ƙungiyoyin direbobi da ke riƙe da layi a tasha suna da ikon da ya fi na jandarman hanya, domin su ke cewa wace mota za ta yi lodi. Suna iya hana layi ga duk motar da aka samu da ɗaya daga cikin waɗannan uku har sai an gyara ta.