Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓe Kuɗi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a ta masu shirye-shiryen talabijin a ƙasashen Turai wadda ya kamata mu duba da idon basira, watau ɗaukar hoton taron jama'a a tashar jirgin ƙasa ba da sanin matafiya ba.

Ran 15 ga Janairu 2009, kamfanin waya na T-Mobile ya shigar da 'yan rawa fiye da 300 cikin tashar Liverpool Street ta birnin Landan, sanye da tufafi irin na kowa, aka kuma ɓoye na'urorin ɗaukar hoto a saƙo-saƙo. Da kiɗa ya tashi sai suka ɓarke da rawa, matafiya suka yi cirko-cirko, waɗansu ma suka taya su. Kashegari aka nuna tallar a talabijin.

Ba mu musa cewa abin ya ƙayatar ba. Amma me ya kai su tasha? Ai rawa ko a ɗaki ana yin ta. Abin da suka je nema shi ne mamakin da ya bayyana a fuskar matafiyi, domin ɗan wasa, kome gwanintarsa, ba ya iya ƙaga irinsa. Wannan mamaki shi ne ainihin hajar, mai shi kuwa tikitin jirgi ya saya, ba a yi cinikin fuskarsa da shi kafin a ɗauka ba.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Ran Jumma'a 6 ga Fabrairu, dubban mutane suka yi gangami ta Facebook, suka cika tashar don kwaikwayon tallar, har sai da aka rufe ta fiye da awa guda. Ma'aikacin da ya wuni a ofis, yana ɗokin gida, shi ya biya wannan da lokacinsa.

Da yawa daga cikinmu gobe su ne za su zauna a kujerun da ake ba da iznin irin wannan aiki. Ra'ayinmu shi ne, mai son taro ya yi hayar mutanensa ya biya su, a ba shi tasha da tsakar dare bayan jirage sun tsaya. In kuwa lalle sai da rana, to, a kafa sanarwa a kowace ƙofa, a kuma bar wa wanda ba ya so hanyar da zai bi ya kai ga jirginsa.