Lauyoyi Su Zo Jihar Tawa Tun Kafin Zaɓe

A Madawa da Buza da Keita da ke jihar Tawa, wanda ba shi da takardar haihuwa yakan sha wuya kafin sunansa ya shiga kundin masu zaɓe. Shi ya sa gabanin zaɓen 27 ga Disamba 2020 alƙalai suka bi ƙauyuka suna ba da takardun. Amma yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune. Ya kamata ƙungiyarsu ta riƙa turo masu sa kai jihar Tawa, su tsaya wa talakawa, musamman mata, a gaban kotu kyauta wajen neman takardar. Wani zai ce tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu zaɓe. Ai yanzu ne ake da sararin yin aikin a tsanake, kuma ɗan makaranta da mai tafiya cirani suna buƙatar takardar tun yau.