An sauya sunayen tituna a Yamai, gidajen tarihi kuwa na zubewa

Idan ba a manta ba, a watan Oktoba na 2024 gwamnatin mulkin sojan Nijar ta sauya sunayen wasu tituna da wurare a birnin Yamai. Titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba da ya nemi jama'a su ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Haka kuma an cire hoton Monteil, hafsan sojan Faransa, aka kafa na Thomas Sankara a gurbinsa. Sai dai wata guda kafin wannan biki, ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19. Suna dai ana iya sauya shi a wuni guda, amma gini in ya faɗi ya tafi da shaidarsa.

Wannan ne ya sa muke ganin lokaci ya yi da za a dubi gidajen da manyan mutane suka zauna, a liƙa musu alluna masu ɗauke da suna da shekara. A Landan tun 1866 ake wannan aiki, kuma shuɗɗan allunan sun haura 1,000, ciki har da na gidan da Kwame Nkrumah na Gana ya zauna, wanda aka liƙa a 2005. Sharuɗɗansu biyu ne manya: mutum ya shekara 20 da rasuwa, kuma ginin ya kasance yana tsaye. Ke nan in babu gida, babu allo.

A Nijar ma abin ba baƙo ba ne. A Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, kowa ya san gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth, mai laƙabin Abdulkarim, ya sauka a 1850. A unguwar Birni ta Damagaram ma an san masaukinsa na ƙarshen 1852. Abin tambaya a nan shi ne, baƙon da ya yi 'yan makonni an adana masaukinsa, to ina gidajen madugai da fatake da suka ɗora irinsa a raƙumi, suka nuna musu hanya? Yara nawa ne a yau za su iya ba da labarin Malam Yaro, attajirin Zangon Damagaram? Mutum nawa ne a zangunan Gana za su iya nuna inda Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya riƙa sauka lokacin da yake fataucin goro?

A nan ne maganar ta shafe mu, mu 'yan kasuwa, domin sau da yawa mu ne ke sayen tsofaffin gidajen da ke kusa da kasuwa, mu rushe su, mu gina shaguna da sito. Magada ba su da laifi in sun sayar, tunda yaɓen gidan ƙasa kowace damina kuɗi ne. Ba kuma za mu yi wa kowa alƙawarin 'yan yawon buɗe ido ba, don tun tawayen 2007 suka ƙaurace wa Agadas. Allo shi kaɗai ba ya hana rusau, amma yana sa mai saye ya yi tunani kafin ya kira masu diga.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, su zauna da sarakuna da dattawan unguwa tun suna raye, a rubuta gidajen da suka cancanta. A liƙa allo da Hausa, boko da ajami, a kuma ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don yaɓe kafin saukar ruwa. Wanda kuma ya zama dole ya rushe, ya bar zaure da allon a jikinsa. Masu iya magana na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu farga.