Waiwaye: Yadda Aka Haifi Shirin Nukiliya Don Zaman Lafiya

Ranar 8 ga Disamba, 1953, Shugaba Eisenhower na Amurka ya tsaya gaban Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya da wata shawara: ƙasashe masu yuraniyam su riƙa zuba wani kaso a rumbu guda, a kafa hukumar duniya ta kula da shi, a yi lantarki da magani da noma da shi. Zauren ya ɗauki tafi.

Maganar ta daɗe tana yawo. A 1946 jami'an Amurka Dean Acheson da David Lilienthal sun rubuta rahoton da ya nemi a damƙa harkar nukiliya ga hukumar duniya, wakilin Amurka Bernard Baruch ya kai shi Majalisar Ɗinkin Duniya bayan ya tsaurara sharuɗɗa. Tarayyar Sobiyet ta ce Amurka ta fara lalata nata bama-baman tukuna. Nan magana ta mutu. A 1949 Sobiyet ta gwada nata bam, a Agustan 1953 ta gwada wanda ya fi shi ƙarfi.

Tsoro ne ya farfaɗo da batun. Wani kwamiti ƙarƙashin masanin nukiliya Robert Oppenheimer ya ce a gaya wa Amurkawa gaskiyar halin da ake ciki. Mashawarcin shugaba, C. D. Jackson, ya yi ta rubuta jawabi, kowanne cike da ƙone-ƙone da gawarwaki, Eisenhower yana mayar masa, domin ba ya son firgita jama'a ba tare da nuna musu mafita ba. A Satumba shi da kansa ya kawo dabarar rumbun. Takardar da ta bi hannun mashawartansa ta bayyana lissafin ƙarara: a yanke adadin da Amurka za ta bayar ba ta ji a jikinta ba, amma zai yi wa Sobiyet nauyi. Kyauta ce mai ƙugiya a ciki, kuma wannan ne abin da ya fi damuna a labarin.

An kafa hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, a Biyana a 1957, amma rumbun bai samu ba sai 2019, a Kazakistan. A mulkin Eisenhower makaman nukiliyar Amurka sun tashi daga dubu da ’yan kai zuwa sama da dubu 18. Amurka ce ta ba Iran tukunyar nukiliya ta bincike a 1967. Indiya kuwa da tukunyar Kanada ta samu sinadarin bam ɗinta na 1974.

Ba na musun alherin shirin. Tukunyar binciken da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004 tana aiki ƙarƙashin sa idon wannan hukuma. Sai dai masu sa hannu a yarjejeniyar nukiliya a Abuja da Yamai, musamman Nijar da ake haƙar yuraniyam ɗinta a Arlit tun 1971, ku karanta kowane sharaɗi, ku kuma kawo shi gaban jama'a kafin a rattaba hannu.