Jinka, Malafa Ko Mazurari?

A makon jiya wata takarda ta iso mini daga wani malamin makarantar firamare a ƙasar Zazzau. Malamin nan lissafi yake koyarwa, kuma al'adarsa ce in ya faɗi abu da Turanci ya maimaita da Hausa, don kada ya bar rabin ajinsa a baya. Ya ce da suka zo kan siffofi, da'ira ba ta ba shi wahala ba, murabba'i ma haka, sai da ya iso ga wata siffa wadda Turawa ke rubutawa cone, su furta ta kamar a ce kon. Da ya buɗe ƙamus sai abin ya ƙara rikicewa, domin ya tarar kalmar nan ɗaya ita ce sunan 'ya'yan wata itaciya, ita ce sunan wani irin dutse mai aman wuta, ga ta cikin idon mutum, ga ta a hannun yaro mai shan ayis-kirim, ga ta kuma a kan titi. Tambayarsa biyu ce: me ya haɗa waɗannan abubuwa, kuma me zai ce wa yara da Hausa?

To, Malam, bari mu fara da ta farko. Kalmar nan ba ta Ingilishi ba ce tun asali. Aro suka yi daga Latin, Latin kuwa daga Yunanawa, watau mutanen Girka na da. A bakin Yunanawa, konos shi ne ɗan wata itaciya ta ƙasashen sanyi wadda Larabawa ke kira sanaubar. Ɗan nata yana da faɗi a gindi, yana tsukewa har ya yi tsini, jikinsa duk ɓawo-ɓawo. Wanda ya taɓa zagaya Jos ko tudun Mambila watakila ya tsinci irinsa a ƙasa, don an dasa itatuwan a can. Da masanan lissafinsu suka so su raɗa wa siffa mai da'ira a gindi da tsini a ka suna, ba su kafa kwamiti ba. Sun duba abin da kowane yaro ya sani, suka ari sunansa. Abin dariya ma, ɗan itaciyar bai cika siffar sosai ba, don cikinsa a kumbure yake, gefensa ba a miƙe ba. Amma suna ya riga ya bi.

Larabawa da ilmin ya iso hannunsu, kalmar da ta zauna a bakinsu ita ce makhruɗ, watau abin da aka fere ko aka gyara a kan injin juyi na masassaƙi. Su ma sana'ar da suka sani suka duba. Kuma a nan akwai bashin da duniya ke bin kanta da kanta, wanda ba a cika faɗa wa 'yan makaranta ba. Wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wani Bayunane mai suna Afoloniyas ya rubuta littafi mai juzu'i takwas a kan wannan siffa kaɗai. Huɗu na farko ne suka rage cikin Yunananci. Na biyar da na shida da na bakwai, da ba don an fassara su cikin Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9 ba, da sun salwanta. Sabitu bin Ƙurra ne ya yi wannan aiki. Na takwas kam ya ɓata har yau.

Mai karatu na iya cewa, me ke cikin siffa guda har da za a cika juzu'i takwas? Ga abin da za ka gwada da daren yau. Ɗauki tocila ka tsaya gaban bango. Hasken da ke fita daga bakinta wannan siffa ce daidai, tsininta a ƙwan tocila, faɗinta a bango. In ka haska bangon kai tsaye, za ka ga da'ira. Karkata hannunka kaɗan, sai da'irar ta miƙe ta yi tsawo, kamar faranti in an hange shi daga gefe. Ci gaba da karkatawa, za a kai wani matsayi inda bakin hasken zai buɗe, gefensa biyu su tafi ba su sake haɗuwa ba. Waɗannan layuka masu lanƙwasa su ne Afoloniyas ya zurfafa nazari a kansu. Sai bayan shekara wajen 1,800, a 1609, Kepler Bajamushe ya nuna cewa hanyar da duniyar Mas ke bi tana kewaya rana irin da'irar nan ce mai tsawo, daga baya aka tabbatar sauran duniyoyin ma haka suke, har da wadda muke kai. Layin da ya buɗe bai rufe ba kuwa, ɗaya daga cikin irinsa shi ne hanyar da dutse ke bi in yaro ya jefi mangwaro, kuma shi ne lanƙwasar farantin nan da ake kafawa a kan rufi don kama tashoshin talabijin.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali a kasuwa yake. Tun zamanin Yunanawa aka tabbatar cewa in ka sami gwangwani, ka kuma naɗa takarda mai tsini wadda bakinta da tsawonta daidai suke da na gwangwanin, to sai ka cika takardar sau uku kafin gwangwanin ya cika. Sulusi take ci, ba rabi ba, ko da yake ido rabi yake gaya maka. Yarinya mai tallar gyaɗa ba ta taɓa jin sunan Yunanawa ba, amma ta san dalilin da ya sa take naɗa takardarta doguwa siririya. Kai, abin ya ma fi haka. In ka zuba gyaɗa cikin takardar har rabin tsawonta, abin da ka zuba kashi 1 ne cikin 8 na abin da take ci. Kafin ka sami rabin cikinta sai ka kai kusan kashi 4 cikin 5 na tsawon. Duk albarkar tana can sama wajen baki, inda ake yawan bari fayau.

Haka kuma wajen awo. Kowa ya san ba a sayar da gero a shafe, sai an tula shi bisa bakin mudu har ya fara zuba. Tulin nan siffarmu ce. Hatsi ko rairayi in ana zuba shi wuri ɗaya, akwai iyakar tsayin da gefensa zai yi kafin ya gangaro, ga busasshen rairayi wajen digiri 34 ne. Saboda haka tsawon tulin ba a hannun mai awo yake ba, a hannun faɗin bakin mudu yake. In aka ninka faɗin baki sau biyu, tulin da zai hau kai ya ninku sau takwas. Ashe mudu biyu na iya cin ruwa daidai wa daida, amma mai faɗin baki ya fi mai zurfi ba da hatsi. Ɗan kasuwar da ke saye da wancan ya sayar da wannan bai taɓa gindin mudu ba, bai kuma sa masa kakin zuma ba, amma riba na shiga. Na so a ce wannan shi ne darasin farko da ake yi wa yara a kan siffar nan, kafin a sa su haddace ƙa'ida. Ɗan ƙwaron nan kurkudu ma da wannan hikima yake ci. Yana haƙa raminsa cikin rairayi har gefen ya kai iyakar tsayin da zai iya tsayawa, tururuwa na taka baki sai ƙasa ta zame da ita zuwa inda yake kwance yana jira.

Dutse mai aman wuta shi ma tuli ne, girma kawai ya fi. Toka da tsakuwa ke fitowa daga rami ɗaya suna zubowa kewaye da shi. A ƙasar Meziko a 1943 wani ya ɓullo tsakiyar gonar masara, mutane na kallo, ana kiransa Farikutin. Kafin ya lafa a 1952 ya kai tsawon mita 424. Mu ma muna da irinsu waɗanda suka mutu tun da daɗewa, a tudun Biu da kuma wajen Panyam da Kerang a Jihar Filato. Sauran ma'anonin ba su da wani zurfi. Robar nan mai launin ruwan goro da ma'aikata ke jerawa a titi, wadda direbobi a nan Ikko ke takewa ba ko waiwaye, wani mai fentin titi ne a Los Anjelis ya yi mata rajista a 1943. Abin zuba ayis-kirim kuwa ya yi suna ne daga babban bajekolin birnin San Luwis na Amurka a 1904.

Ta cikin ido ita ce ta cancanci a dakata. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn labule inda hoton abin da kake kallo ke sauka. A jikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin halittu iri biyu masu karɓar haske. Masanan da suka fara ganinsu da madubin ƙara girma sun ga wasu a miƙe kamar sanda, wasu kuwa kansu ya ɗan yi tsini, sai suka kira na farko sanduna, na biyu kon. Masu tsinin nan kimanin miliyan 6 ne a kowane ido, iri uku, kuma su ke rarrabe launi. Amma ba sa aiki sai da wadataccen haske. Shi ya sa bayan magariba kana ganin mutum tafe, kana ganin rigarsa, amma ba ka iya rantsewa ja ce ko shuɗiya: masu tsini sun tashi daga aiki, sanduna sun karɓa, su kuwa ba ruwansu da launi. Wanda aka haifa iri ɗaya cikin ukun nan bai cika ba, shi ne ke kasa bambanta ja da kore, kuma abin ya fi yawa ga maza. Dundumi kuwa ciwon sanduna ne, sau da yawa daga ƙarancin sinadarin bitamin A, abin da manja da karas da hanta ke bayarwa.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ta hana Malam barci. Na ga wasu masu fassara suna sa mazugi. Na ɗauki kalmar nan na kai ta Agege, na tambayi dattawa uku da wata mai abinci. Biyu suka ce ba su taɓa ji ba, ɗaya ya ce ko wani abu ne na maƙera, mai abinci kuwa ta ce in faɗi abin da nake so a zuba mini. Ban ce kalmar ba ta da asali ba. Amma kalmar da sai an fassara ta kafin a yi fassara da ita, ba ta rage wa malami aiki ba.

Alhali kuwa ƙasar Hausa cike take da siffar nan. Ga malafa, ga mazurari, ga ƙahon wanzami, ga tubalin ginin gargajiya wanda ake curawa da hannu mai faɗin gindi, ga kantun gishirin Bilma da ayarin raƙuma ke ketare Tenere da shi zuwa Agadas har ya iso kasuwanninmu, ko da yake shi kansa a datse yake. Kowanne da sunansa, kuma ban ga dalilin da zai sa mu tattara su ƙarƙashin suna ɗaya don kawai Turawa sun yi haka ba. Robar titi a kira ta robar titi. Na cikin ido a ce masu ganin launi, wanda ya ma fi sunan Turancin faɗin gaskiya, tun da aikinsu ya fi siffarsu muhimmanci.

Wurin da ake bukatar suna guda tsayayye shi ne ajin lissafi, kuma a nan ni jinka na zaɓa. Malafa tana da baki mai faɗi, wata ma kanta a daɓe yake. Mazurari yana da huda da wuya, ga shi kullum a kife. Amma dubi yadda ake ɗaura jinkar ɗaki kafin a baibaye ta. Ana zana da'ira a ƙasa, a jera gwangwala ko kara a kanta, kowane ɗaya a miƙe, duka su haɗu a ƙololuwa guda. In ka buɗe littafin lissafi, ma'anar da aka ba siffar ke nan ba ragi ba ƙari: miƙaƙƙun layuka daga da'ira zuwa ɗigo ɗaya. Tankar da ake kewayawa da ita kuwa, kowace da'ira ce, tana ƙanƙancewa in ana hawa sama, watau abin da Afoloniyas zai samu in ya yanka siffar a kwance. Na san za a ce yaran birni yanzu kwano suka sani. To, yaran London ma ba su san Yunananci ba, kuma wanda bai ga jinkar ɗaki ba ya ga ta rumbu a hanyar zuwa ƙauyen kakarsa.

A 1977 tsarin ilmi na ƙasa ya rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, an kuma yi ta kai da komowa a kan maganar shekara da shekaru. Duk inda gwamnati ta tsaya, Malam, kai ne ke gaban yara arba'in ko tamanin ran Litinin. Shawarata ita ce ka zo da gwangwanin madara, da tsohuwar jarida, da kwanon gero. Ka sa yaro ɗaya ya naɗa takarda daidai bakin gwangwanin da tsawonsa, ka tambayi aji sau nawa za a juye kafin ya cika. Yawancinsu biyu za su ce. Ka rubuta jinka a allo, ka rubuta cone a gefenta saboda jarrabawa, sa'an nan ka bar su su auna.

In akwai wani garin da ke da sunan da ya fi jinka dacewa, musamman mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram, a rubuto mini, zan buga. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.